Gargaɗi kan masu sayar da "tataccen maganin sankara" suna kafa hujja da gwajin jini

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, na wata dattijuwa tana hamdala, tana cewa har an sa mata ranar tiyata, sai ta sha tataccen ruwan wani ganye na wata biyu, gwajin jini ya nuna sankarar ta gudu. Muryar gwaggona ce. Abin da aka gaya mata shi ta maimaita, da zuciya ɗaya. A yau da nake wannan rubutu an yi mata kemo, wato magungunan asibiti masu kashe ƙwayoyin sankara, an cire mata nonon gaba ɗaya, tana zuwa gashi, wato ƙona ragowar sankarar da hasken na'ura, shi kuwa wanda ya karɓi muryar yana nan yana tallar kwalabensa da ita. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ƙullutu ta ji a nononta na hagu. A asibiti suka yanko ɗan tsoka suka duba, suka tabbatar sankara ce, amma ƙarama, ba ta bazu ba. Likita ta ce za a cire ƙullutun kaɗai a bar mata nonon, daga baya a yi gashi. Tsoron wuƙa ya kama ta, kuma wa zai ga laifinta? Tana cikin wannan zulumi wata ta jefa ta cikin wani zauren WhatsApp na wani da ke kiran kansa Dakta. Hotonsa da farar riga, bakinsa kamar zuma. Bai zagi asibiti ba, wannan ne wayonsa. Cewa ya yi: "Mama, ni ban hana ki tiyata ba. Wata uku kawai za ki ba ni. Mu gwada jini yanzu, mu sake gwadawa in kin sha, lamba ba ta ƙarya." Ya turo mata takardun bincike da Turanci, masu zane-zane da sunayen jami'o'i, ita kuma ta turo mini tana cewa, "Ɗana, kai da ka yi boko duba mini, ai ka ga har Turawa sun yarda da shi."

Na duba. Takardun na gaske ne, kuma a nan dafin yake. Binciken da suke magana a kai an yi shi ne a kan ƙwayoyin sankara da aka shuka a ɗan faranti a ɗakin gwaje-gwaje, aka ɗiga musu ruwan ganyen, wasu suka mutu. To ai ko bilic ka ɗiga a farantin nan za su mutu, ba kuwa mai hankalin da zai ce a sha bilic. Faranti ba shi da hanta da za ta narkar da sinadarin, ba shi da ƙoda da za ta fitar da shi, ba shi da zuciyar da za ta iya tsayawa in an zarce ƙima. Irin waɗannan takardu dubbai ne, kuma masu rubuta su da kansu sukan rufe da cewa sai an ƙara bincike. Wannan layin ne ɗan damfara ba ya karanta maka.

Kada a fahimce ni a baibai, tsirrai sun ba duniya magungunan sankara na haƙiƙa. Vincristine da ake ba yara masu sankarar jini daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi. Taxol daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka. Amma dubi tsawon tafiyar: an ɓamɓaro ɓawon a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffar sinadarin a 1971, ba a amince a ba marasa lafiya shi ba sai a 1992. Shekara 30 ke nan. A wancan zamanin cibiyar binciken sankara ta Amurka ta gwada tatattun ruwan tsirrai sama da 100,000, waɗanda suka zama magani ba su taka kara sun karya ba. Waɗanda suka zama ɗin ma guba ne mai ƙarfi, sai an auna tsayin mutum da nauyinsa kafin a san adadin da za a ba shi. Sai ga wani da waya da kwalba marar takarda yana cewa shi ya gano abin da ya gagari kowa, kuma "ba shi da illa tunda na gargajiya ne."

Inda aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa shi ne gwajin jinin, don haka bari in tsaya a kansa. Akwai wasu sinadarai da kan ƙaru a jini in mutum yana da wasu nau'o'in sankara, su ake kira alamomin sankara: PSA, CA-125, CEA, AFP, CA 15-3 da sauransu. Likitoci suna amfani da su, amma galibi don bibiyar wanda an riga an tabbatar da ciwonsa, tare da hoto da duba jiki. Su kaɗai ba sa yanke hukunci. CA-125 yakan hau saboda jinin al'ada, ko juna biyu, ko ƙarin mahaifa. CEA yakan hau a jikin mashaya sigari. AFP yakan hau da ciwon hanta. PSA yakan hau don kumburin prostet (wani ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) irin na tsufa ko don ƙwayar cuta ta shiga. Ka ga ke nan abu ne mai sauƙi a tara masu lafiya a yi musu "gwaji kyauta", a sami wanda lambarsa ta ɗan ɗaga, a razana shi, a sayar masa da kwalba, bayan wata guda lambar ta sauko don kanta, a ce an warkar da sankarar da tun asali babu ita.

Na gwaggo ta ɗaya fuskar aka biyo mata. CA 15-3 Daktan nan ya sa ta gwada, alhali a sankarar mama da ba ta yi nisa ba, wannan lamba sau da yawa lafiya lau take fitowa. Gwajin farko ya ce mata "tana bakin iyaka", na biyu ya zagaye lambar da jan biro ya rubuta "Alhamdulillah" a gefe. Ƙullutun yana nan, tana taɓa shi da hannunta kullum in za ta yi wanka. Da ta yi masa maganar sai ya ce ai mataccen nama ne, jiki zai zuƙe shi a hankali. A ranar ya nemi ta yi masa saƙon murya "don a ƙarfafa wa 'yan uwa gwiwa."

Ko da lambar ta sauka da gaske, ba shi ke nuna an warke ba, kuma an taɓa ganin haka ƙiri-ƙiri. A ƙarshen shekarun 1990 an yi yayin wani haɗin ganyayyaki takwas mai suna PC-SPES a Amurka, na masu sankarar prostet. PSA ɗin masu shansa yana sauka sosai, har wasu likitoci suka fara sha'awarsa. Da aka bincika sai aka tarar da magungunan bature a ɓoye a ciki: warfarin mai tsinka jini, da DES, wani sinadari mai aikin homon ɗin mata wanda dama an san yana saukar da PSA, da kuma wani maganin kashe zafi. A 2002 aka janye shi daga kasuwa. Laetrile da ake haɗawa daga ƙwallon wani ɗan itace, wanda har gobe ake tallarsa a intanet da sunan "bitamin B17", an gwada shi a kan marasa lafiya 178 a binciken da asibitin Mayo Clinic ya jagoranta, aka wallafa a 1982: bai warkar da kowa ba, bai tsayar da ciwon ba, wasu ma alamun gubar sayanayid suka nuna.

Kuɗin da aka ci wa gwaggo ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba, ko da yake an ci mai yawa. Watanni biyar ɗin da ta ɓata ba ta koma asibiti ba ne. Sankarar da ke wuri ɗaya, tiyata tana iya raba mutum da ita har abada, amma wannan dama ba ta jiran kowa. Masu bincike a jami'ar Yale sun bi bayanan mutum 281 masu sankarar da ba ta bazu ba, waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka riƙe na gargajiya kaɗai, suka kwatanta su da 560 da suka bi asibiti. Haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa ya haura ninki biyar. Lokacin da muka shawo kan gwaggo ta koma, ƙullutun ya girma, kaluluwa ta fito a hammata. Likitar ta daɗe tana kallon tsohon hoton da sabon, ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Mama, me kike sha a gida?"

Tambayar tana da dalili, kuma wannan ya shafi har wanda bai fasa tiyatarsa ba. Wasu kayan tsirrai, irin su ginkgo da ginseng da ƙwayoyin tafarnuwa, suna iya sa jini ya ƙi tsayawa a kan gadon tiyata, shi ya sa likitocin sa barci sukan so a daina su kamar mako 2 kafin aiki. Wani ganyen da ake kira St John's wort yana rage ƙarfin wasu magungunan kemo a jiki. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba kuwa, ba wanda ya san me za ta yi. Sai da aka jinkirta fara wa gwaggo kemo aka sake gwada hantarta. Duk wanda ke shan wani abu, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitansa a hannu, kunya ba ta da wuri a nan.

Yanzu in na ga irinsu daga nesa nake gane su. Magani ɗaya ne na kowace irin sankara, har da ciwon suga da rashin haihuwa. Hujjarsu saƙon murya da hoton takardar gwaji. Su ke zaɓa maka inda za ka yi gwajin, su ke fassara maka sakamakon. In ka tambayi a wace ƙasa aka gwada shi a kan mutane, mutum nawa, sai a ce kamfanonin magani ne ke danne gaskiya. In jiki ya ƙara rikicewa, a ce "ciwon ne ke fita", a ƙaro kwalba. Da na rubuta waɗannan tambayoyi a zauren, ko minti goma ba a yi ba aka cire ni.

Mun kai ƙorafi ga hukumar da ke kula da magunguna, mun kuma sanar da WhatsApp da Facebook lambarsa da shafinsa. Ya rufe wancan zauren ya buɗe sabo, da sabon suna da sabon hoto, kwalbar ma ya sauya mata launi. Muryar dai ita ce. Gwaggo ta roƙe ni in faɗa wa duk wanda ya ji ta cewa ta janye maganarta, kuma don Allah kada a ƙara tura wa kowa.