Ruwan cefuroxime: ya warkar da kunnen ɗana, amma ɗacinsa sai an daure

Kwana uku ɗana mai shekara 4 yana kuka yana riƙe kunnensa na dama, zazzaɓi ya ƙi sauka. Da likita ta leƙa kunnen, ta ce ya kumbura daga ciki, ta rubuta mana ruwan cefuroxime, ɗaya daga cikin dangin magungunan cephalosporin masu kashe bakteriya ta hanyar hana su gina bangon jikinsu.

Kafin ta ɗauki biro, sai da ta ɗora shi a sikeli: kilo 16. Ta kuma tambaye ni ko fenisilin ya taɓa sa masa borin jini, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, domin magungunan 'yan uwa ne. Lissafin ciwon kunne miligiram 15 ne a kan kowane kilo, sau biyu a rana, kada ya wuce 250 a sha ɗaya. Kwalbar tamu miligiram 125 ce a cikin kowane mil 5, nasa lissafin kuma ya kama 240, kusan 250, don haka mil 10 yake sha safe da dare, kwana 7, da sirinjin awo, ba da cokalin gida ba.

Aiki kam ya yi. A kwana na biyu zazzaɓi ya sauka, a na uku ya yi barci har safe.

Ɗacin ne ya wahalar da mu. Na ɗanɗana da kaina, yana maƙale a maƙogwaro ya daɗe bai tafi ba. Ranar farko ya tofar da rabi, hankalina ya tashi. Abin da ya taimaka shi ne ba shi nan take bayan ya ci abinci, dama jiki ya fi karɓarsa haka, ina zuba masa kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu. Maganin a gari yake zuwa, idan an haɗa shi da ruwa, dole kwalbar ta zauna a firij, a girgiza ta sosai kafin kowane sha, kuma bayan kwana 10 zubarwa ake yi.

Ya yi ɗan zawo kwana biyu, ya tsaya da kansa. Likita ta ce in ya tsananta ko na ga jini, in dawo da shi maza.

A kwana na huɗu, ganin yana wasa, zuciyata ta raya min in bar shi ya huta da ɗacin nan. Na daure muka cika bakwai. Da ƙanwarsa ta kama mura a makon, ban ba ta ko ɗigo ba, don ba ya taɓa ƙwayar cutar mura. Ragowar na zubar.