Wakar mata: ta takarda ko ta baka?

In yarinya na da baiwar waka a nan Kebbi, hanya biyu ce gabanta, ko ta rubuta ko ta rera.

Ta rubutu dai muna da gadonta. Nana Asma'u diyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu 1864, ta yi wakoki da Larabci da Fulatanci da Hausa, har yau ana karanta su tunda takarda ba ta mantuwa. Amma fa aiki ne, sai kin kiyaye kari da amsa-amo, baiti guda ya karye malamai sun gani.

Ta baka kuwa ba ruwanta da biro. Wakar daka, wakar nika, wakar reno, ga amada ranar biki in mata sunka kifa kwarya cikin ruwa suna kada ta. Nan mace ka fadin abin da ba ta iya fadi gaban miji, habaici ga kishiya tana lugude tabarya na tashi sama tana tafawa, kowa cikin gida ya san da wa ake amma ba mai kama ta. Matsalar, injin nika ya shigo gari ya tafi da rabin wakokin nan, tsohuwa ta mutu ta tafi da sauran.

Ni dai rubutu na zaba, don shi ka dadewa. Kodayake wakokin Nana ma da baki jajis dinta, wato malamai mata na kungiyarta ta 'Yan Taru, sunka kai su kauyukka, mata na hardacewa. Yanzu sai dai waya, a rubuta a Facebook a rera a WhatsApp.