Gargaɗi ga iyalan 'yan fansho a Kano: masu buga waya su ce haƙƙin mamaci ya fito

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in bar ta, saboda gidanmu ta shafa. Amma jiya bayan la'asar wani maƙwabcina ya ba ni labarin 'yar uwarsa, sai na ji sak da namu, har kalaman da aka yi mata a waya kusan ɗaya ne. Tun da abin ya zama sana'a, shiru ba nawa ba ne.

Mijin goggona mai gadi ne a wata firamare ta gwamnati a cikin birni. Shekara 35 ya yi yana kwana a bakin ƙofar makaranta, daga shi sai tocila da gora da ɗan rediyonsa, da hunturu da bazara. Da ya yi ritaya fansho ya fara shigowa, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma giratuti, wato kuɗin sallama da ake biya a dunƙule, ya tsaya a layi kamar na dubban mutane. Har Allah ya karɓi abinsa kuɗin nan bai zo ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai, uku ba su gama sakandare ba.

Kwana tara da rasuwa, Goggo tana cikin takaba, aka kira wayar marigayin da ke hannunta. Namiji ne, muryar dattijo, Hausarsa tsaf irin ta cikin badala.

"Hajiya, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wallahi mutumin kirki ne, duk zuwan da yake yi ofis a wajena yake zama."

Ya faɗi sunan makarantar, ya faɗi shekarar da marigayin ya ajiye aiki, har matakin albashinsa. Sannan ya ce daga ofishin fansho yake kira, sunan Baba ya fito a rukunin da za a biya ranar Alhamis, sai dai fayil ɗin yana buƙatar gyara tun da mai shi ya rasu. Kuɗin fam da hatimi naira dubu 35 ne, kuma yau ake rufewa.

Goggo ta ce, "To ɗan nan, bari babban yaron ya dawo daga kasuwa mu yi shawara."

"Hajiya, shawara tana da kyau, amma kin san halin mutane da maganar kuɗin gado. Kada ki bari ya fita tukuna. Ni don Allah nake yi, saboda marayun nan. In ƙarfe huɗu ta yi sai a sa sunan wani, kuma kin san yadda layin yake."

Duk damfarar a cikin wannan amsa take. Ya hana ta shawara, ya sa mata agogo, ya kuma lulluɓe abin da sunan Allah da marayu. Mace mai takaba ba fita take yi yadda ta saba ba, zuciyarta a karye, ga yara ga cefane. Ta kwance kuɗin gudummawar da aka tara mata a zaman makoki, ta aiki ƙaramin ɗanta wajen mai POS da lambar asusun da mutumin ya karanto. Bayan kwana biyu ya sake kira: an samu cikas, sai da takardar kotu, dubu 60. Ta sayar da keken ɗinkinta. Kira na uku ba kuɗi ya nema ba. Cewa ya yi za a gwada asusun marigayin kafin a zuba miliyoyin, a karanto masa lambobin jikin katin ATM, da BVN, da wata lamba da za ta shigo wayar yanzu-yanzu. Yaro ya karanta masa. Kafin magariba alat ya shigo, ɗan abin da ya rage a asusun, har da fanshon watan ƙarshe, an share shi. Sai a lokacin muka ji, lokacin da wayar mutumin ta daina shiga.

Abin da ya fi ci wa Goggo rai har yanzu shi ne, ta ce, "Ai ya san Malam, ya san komai nasa." Mutane, sanin nan ba hujja ba ce. Mu da kanmu muke ba da sanarwar rasuwa a rediyo da Facebook da zaurukan WhatsApp, da cikakken suna da unguwa da wurin aikin mamaci. Duk dattijon da ya taɓa bin layin tantancewa ya bar kwafin takardunsa a shagunan hoton takardu, ya ba wani ya cike masa fam, ya yi hira da na kusa da shi a kan benci. Ɗan damfara yana iya zuwa ya zauna a tabarmar makoki, ya yi fatiha tare da kowa, ya tashi da duk abin da yake nema.

Kuma ba banza ba suka fi bin gidajen masu gadi da masu shara da masinjoji da masu girkin makarantun kwana. Iyalin hedimasta suna da abokan aikinsa da suka san ofis-ofis, waya ɗaya za su yi su gane gaskiya. Shi kuwa mai gadi takardunsa suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, sau da yawa matarsa ba ta san me aka rubuta a ciki ba. Kuɗinsu shi ne mafi ƙanƙanta a tsarin, amma su aka fi sauƙin kwashewa. Wannan ne yake ƙona min rai.

Jinkirin biya ma ya ba su ƙofa. Gwamnatin jihar Kano da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin giratuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48, kuma rukuni-rukuni take biya. To duk sanda aka ji a rediyo cewa an saki wani rukuni, kowane gida da ke jira sai ya kasa kunne. Mutumin da ya shekara biyar yana jira, in aka ce masa sunansa ya fito, ba ya tsayawa dogon tunani.

Ya kamata kowane gida ya san wa ke riƙe da haƙƙin nasu. Wanda ya yi aiki a makarantar jiha ko firamare a ƙarƙashin SUBEB (hukumar ilimin firamare ta jiha) da ƙananan hukumomi 44, maganarsa tana wajen hukumar asusun fansho ta jiha, wadda aka kafa da dokar 2006, kuma fayil ɗinsa daga wurin da ya yi aiki yake tashi. Wanda ya yi a makarantar tarayya, kamar Jami'ar Bayero, in yana sabon tsarin da aka fara a 2004, kuɗinsa yana hannun kamfanin fanshon da ya yi rajista da shi, ƙarƙashin kulawar PenCom, hukumar kula da harkar fansho ta ƙasa. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka fita a tsohon tsari kuwa, wata hukumar tarayya mai suna PTAD ce ke biyan su, kuma ta sha fitar da sanarwa cewa ba ta karɓar kuɗi don a biya mutum haƙƙinsa. Ko wanne ne a ciki, da ƙafa ake zuwa, a ga ofis, a ga ma'aikaci a kan teburinsa. Za a nemi shaidar rasuwa, da takardun aikin mamaci, da takardar kotu da ke nuna wanda magada suka wakilta. In akwai abin biya a kotu, a can ake biya a karɓi rasit. Babu inda ake turawa asusun wani mutum ta hannun mai POS. Ita kuwa lambar da banki ke turowa waya, da lambar sirrin kati, ko ma'aikacin bankin bai da hurumin tambayarka su.

Akwai wasu kuma da ba waya suke yi ba, har gida suke zuwa. Sai ka ga mutum da jakar takardu ya ce shi yana da hanya, a ba shi ainihin takardun ɗaukar aiki da na ritaya, in kuɗi ya fito a ba shi kashi ɗaya cikin uku. Wani har ya kawo takarda da Turanci ya ce a dangwala. Da zarar takardu sun shiga hannunsa kun zama bayinsa, yau ya ce kuɗin mota, gobe na goron oga, in kuka gaji ya ce sai kun fanshi takardunku. Kada ku saki na ainihi ga kowa, kwafi ake bayarwa, kuma kada uwa ta dangwala yatsa a kan abin da ɗanta ko wani amintacce bai karanta mata ba. Sannan kuɗin nan akwai haƙƙin marayu a ciki. Ba daidai ba ne mutum ɗaya, ko uwa ce ko babban ɗa, ya yi cinikinsa a ɓoye.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, ya garzaya banki a rufe katin a ranar, ya adana lambar wayar da lambar asusun da aka tura kuɗi da takardar POS, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC, suna da ofis a nan Kano. Dokar 2006 kan irin wannan zamba ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Na san kunya ce ke hana mutane magana, musamman iyayenmu mata, suna ganin za a ce sun yi wauta ko sun so cin gado su kaɗai. Goggo sai da ta yi kwana biyu ba ta cin abinci. Ku lallashe su, kada ku yi musu faɗa.

Roƙona ga limamai da masu unguwanni da hedimastoci: in ƙaramin ma'aikacinku ya rasu, tun a wajen ta'aziyya ku ja babban ɗansa gefe ku gaya masa za a iya kiran su, kuma ku nuna masa ofishin da zai je. Wayar mamaci ma a ba wanda zai iya cewa "zan zo ofis da kaina" ya kashe.

Mu dai mun kai ƙara, mun kuma bi ta inda marigayin ya yi aiki. Fayil ɗinsa yana nan, babu wani gyara da yake buƙata, babu kuma wanda ya san da wata Alhamis. Ranar Litinin ni da babban ɗansa za mu kai takardar kotun da ta rage. Keken ɗinkin Goggo kuwa 'yan uwa sun fara haɗa kuɗi, muna fatan a mayar mata da wani kafin ta fita takaba.