Kwas ɗin phrasal verbs da na yi na wata 3 a WhatsApp, ga yadda na same shi

Tun da na sa a status cewa na gama kwas ɗin nan mutane ke ta tambayata wai ya yake, kuɗin ya hau ko asara ce, toh bari kawai in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan malamin ko na guruf ɗin ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi kuma mutumin kirki ne, ba na son ya zama kamar tozarci.

Abin da ya sa na shiga, wata rana aka turo mana imel daga ofishinmu na Kaduna cewa "the meeting has been called off", ni kuma ina ganin call na ɗauka an kira mitin ne an tabbatar, da asuba na kama hanya daga Zariya na biya kuɗin mota na isa na tarar ba kowa, ashe sokewa aka yi. Wallahi ranar abin ya dame ni sosai, don na ci Turanci a WAEC, ina rubuta rahoto a wurin aiki ba matsala, amma ƙananan kalmomin nan irin off da up da out da in in suka manne wa aikatau sai ma'ana ta juye gaba ɗaya ba ka sani ba. Call off sokewa, put off ɗagewa zuwa wani lokaci, take off tashin jirgi ko cire riga, lay off sallamar ma'aikata. Duk off ne fa, irin waɗannan su ne ake kira phrasal verbs.

Kuɗin kwas ɗin naira dubu 15 ne na wata 3. Kullum da safe malam zai turo guda 5 da misalansu, da yamma ya turo saƙon murya yana bayani da Hausa, ranar Asabar a yi gwaji, kowa ya haɗa jimlolinsa ya turo a gyara masa. Data ba ya ci sosai tunda ba bidiyo, wannan na yaba, ko sabis ya yi rauni saƙon murya yana sauka.

Satin farko da na biyu gaskiya ban ji daɗi ba. Jeri ne kawai na hadda, get up get on get over get by get away with, in ka haddace yau jibi sun cakuɗe maka. Har na fara tunanin in bari. Abin da ya riƙe ni shine wani saƙon murya da ya yi a sati na 3, wanda ni a wurina shi kaɗai ya biya kuɗin. Ya ce mu daina kallon abin nan kamar wani baƙon abu, mu ma muna da shi a Hausa, bambancin kawai Bature yana ƙara wata 'yar kalma a gaba mu kuma muna canza ƙarshen aikatau ɗin. Ka ce ci, ka ce cinye. Ka ce sha, ka ce shanye. To eat da eat up kenan, drink da drink up kenan, wannan up ɗin ba sama yake nufi ba, yana nufin an gama da abin kakaf bai rage ba. Saya da saye, buy da buy up. Ina jin haka na tsayar da saƙon na sake saurara, don shekara da shekaru ina fassara up da sama a kaina shi ya sa use up da finish up da burn up ba sa shiga.

Daga nan ya kawo fita, fito, fitar. Go out, come out, take out. Jefa, jefo, jefar, wato jefar ɗin shine throw away. Zuba da zubar, pour da pour away. Mayar, give back ko put back. Na tambayi ƙanwata da ta karanta Hausa a BUK ta ce ai wannan shine giredin aikatau da ake koya musu, guda 7 ne a tsarin da wani Bature Parsons ya fitar a 1960, mai ƙarewa da o yana nuna abu ya taho wajen mai magana, mai ar yana nuna an rabu da abu ko an kawar da shi, mai e yana nuna an ƙare shi duka. Mu da muke magana da shi kullum ba ma lura. Ba wai ko'ina yake dacewa ba, give up ba ruwansa da wannan lissafin, put up with ma haka, waɗannan dole ka riƙe su yadda suke, amma kaso mai yawa sun zauna min ta wannan hanyar kuma ba su sake gudu ba.

Ya kuma yi amfani da ci da sha ya kwantar mana da hankali. Ya ce ku dubi wanda yake koyon Hausa, an gaya masa ci na abinci ne, sai ya ji an ci kasuwa, an ci amana, an ci bashi, an ci jarrabawa, an ci mutunci, an ci tara, an ci gado, an ci gaba. An gaya masa sha na ruwa ne sai ya ji an sha wahala, an sha iska, an sha alwashi, an sha kaye, wane ya sha kunu tun safe ba ya dariya. Yaro ɗan shekara 7 a Kano ya san duk waɗannan ba wanda ya ba shi jeri ya haddace, a cikin magana ya tsince su. Bayan wannan sai ya canza salo, ya daina turo jeri ya koma turo gajeren labari da aka saka guda 5 ɗin a ciki, kuma daga nan ne na fara ganin amfani a aikina.

Wani abu ƙarami da ya gyara min wanda ba wanda ya taɓa gaya min a makaranta, inda ake sa it. Za ka iya cewa turn off the light ko turn the light off, amma in it ce dole ta shiga tsakiya, turn it off, ba a cewa turn off it. Sai kuma wasu da ba a raba su sam, look after him ne ba look him after ba.

A guruf ɗin akwai wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ya yi karatunsa da Faransanci, shi matsalarsa daban da tamu kuma na ƙaru da shi sosai. Ya ce manyan kalmomin da mu muke jin tsoro su ne masu sauƙi a wurinsa, tolerate ai tolérer ne, continue ai continuer ne, abandon ai abandonner ne, amma da an ce put up with ko carry on ko give up sai ya tsaya, don Faransanci kalma ɗaya yake amfani da ita a irin wuraren nan. Malam ya ce dalili shine Turanci ya ari kalmomi masu yawa daga Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, su kuma phrasal verbs ɗin daga asalin jinin yaren suke, shi ya sa Jamusanci ma yake da irinsu, aufstehen tashi ne amma in za ka ce ina tashi sai auf ɗin ya koma ƙarshe, ich stehe auf. Kuma shi ya sa a takardar ofis za ka ga postpone amma a baki put off za ka ji.

Yanzu inda ban gamsu ba, wata na 3 da aka shiga idioms, wato salon magana da karin magana na Turanci. Wasu ya kawo daidai har ka ji daɗi. Raining cats and dogs ya ce ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗan Maraɗi ya ƙara da cewa su il pleut des cordes suke cewa, wai ruwan igiyoyi. A bird in the hand ya haɗa shi da ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, wannan ya zauna ɗas. Once bitten twice shy, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. When pigs fly, Faransawa sun ce sai ranar da kaji suka yi haƙori. Duk lafiya. Amma sai ya zama kamar ya ɗora wa kansa dole kowane idiom sai ya samo masa ɗan uwa a Hausa ko da ba su yi kama ba. Wanda ya fi ɓata min rai shine kick the bucket, ya rubuta wai ya riga mu gidan gaskiya. Haba malam. Ya riga mu gidan gaskiya magana ce ta girmamawa da ake faɗa da sanyin murya a gidan makoki, kick the bucket kuwa magana ce ta wasa da rashin ɗaukar abu da nauyi, ta fi kusa da ka ce wane ya sheƙa lahira. Ka duba in wani a cikinmu ya ɗauki wannan ya je yi wa abokin aikinsa ta'aziyyar mahaifi ya rubuta masa haka, wane irin abin kunya da cin fuska kenan. Passed away ya kamata a koya mana a wurin. Na yi masa magana ta gefe na ce malam dan Allah a duba wannan, ya karɓa ya gode, amma bai dawo guruf ya gyara wa sauran ba, kuma mu kusan 40 ne.

Haka nan bai taɓa gaya mana wanne ne tsohon yayi wanne ake faɗa yanzu ba. Raining cats and dogs ɗin ma ni tunda nake aiki da Turawa ban taɓa jin wani ya faɗa ba, a takardar JAMB na san shi. Waɗanda nake ji kullum a mitin su touch base da follow up da on the same page da reach out, ko ɗaya bai zo a kwas ɗin ba sai da na tambaya.

Ƙorafina na ƙarshe shine yadda yake kiran duk Turancin Najeriya kuskure. Na yarda cope up with kuskure ne, cope with ake cewa, kuma round up da muke faɗa in za a rufe taro round off ne ko wrap up. Amma put to bed da ma'anar haihuwa, ƙamus ɗin Oxford ya shigar da shi a Janairun 2020 cikin kalmomin Najeriya 29, tare da rub minds da next tomorrow da okada har da Kannywood. Abin da nake so a gaya min shine wannan namu ne, a Legas ko Abuja kowa zai gane, amma in ka faɗa wa mutumin Landan zai ɗauka an kwantar da yaro barci ne. Haka take in, a nan ɗaukar ciki, a can fahimta ko yaudara. Wannan bayanin ya fi amfani da a ce min kawai kar ka faɗa.

In kana aikin ofis ko kana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS kuma Hausa ce yaren da kake tunani da shi, wata 2 na farko sun cancanci kuɗin, musamman in ka daure ka wuce satin haddar nan. Na idioms ɗin kuwa ka riƙa duba kowanne a ƙamus na masu koyo, irin wanda yake rubuta informal ko old-fashioned ko humorous a gefen kalma, kafin ka saka shi a saƙon da za ka tura wa wani. Ni yanzu littafi na ware, shafi biyu, hagu Turanci dama Hausa, in na rasa ɗan uwansa na gaskiya a Hausa sai in bar wurin in rubuta ma'anar kawai da jimlar da na ji shi a ciki. Jiya ma na ƙara fall through, wata 'yar ofishinmu ce ta ce the deal fell through, na rubuta cinikin ya wargaje.