Jirgin Constitution na Revell: gangar jiki ta ci kuɗinta, igiyoyi kuwa sai an sake

Tun 1965 kamfanin Revell ke buga kwalin ɓangarorin roba na haɗa ƙaramin samfurin jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Constitution a ma'aunin 1/96, kuma har yau yana cikin manyan jiragen roba da masu sha'awar haɗa irin waɗannan jirage ke nema. In an gama haɗa shi tsawonsa ya ɗan haura santimita 90, tsayinsa na neman 70. A wannan ma'auni, mutum mai tsawon santimita 170 bai kai santimita 2 ba. Duk wanda zai yi odarsa zuwa Kano ya fara ware tebur guda da zai haƙura da shi na watanni.

Jirgin na ainihi an saka shi a ruwa a Boston a 1797, zanen Joshua Humphreys ne, mai jigo uku (dogayen sandunan da ke ɗauke da ƙyallen iska), an ƙiyasta shi a matsayin mai igwa 44. Ya yi suna ranar 19 ga Agustan 1812 da, a ƙarƙashin Kyaftin Isaac Hull, ya ragargaza jirgin Ingila Guerriere, kuma har gobe yana kan ruwa a Boston. Kamannin wancan zamani na 1812 Revell ta bi, ba yadda jirgin yake a yau ba, don haka hotunan intanet na yanzu ba za su yi daidai da abin da ke kwalin ba, musamman adon baya da na goshi.

Gangar jikin ita ce abin yabo. Ɓari biyu ne manya, an fitar da zanen farantan tagulla na ƙasan ruwa ɗaya bayan ɗaya, layin katako ya fito, har ɗakin kyaftin akwai shi a baya. Igwa 30 na benen ƙasa da gajeru masu faɗin baki na benen sama duk sun yi kyau in an kankare layin haɗinsu. Sai dai a wanke komai da ruwan sabulu kafin fenti, saboda maiƙon injin buga roba na hana fenti kamawa. Kada a kusanto da tinar masu fentin mota, tana cin wannan roba har ta yi yamushi. Fentin akirilik ko Humbrol ya wadatar, kuma a lokacin hunturu da sassafe ake shafa shi, in ba haka ba ya bushe a bakin buroshi tun bai bazu ba. Gam na roba irin Contacta ko Tamiya mai ruwa-ruwa shi ke narka ɓarin biyu su zama ɗaya. Sufa gulu ba ya wannan aikin.

Aibi na farko daɓen jirgin ne. Kowane bene gida uku aka yi shi, kuma layin haɗin ya ratsa katakon a gicciye, inda ido ke fara sauka. Maganinsa a kife gidajen uku a kan gilashi mai santsi, a liƙa su ta ƙasa da ɓallin roba mai kaurin milimita 1, a cike tsagar, a goge da samfefa mai lamba 400 sannan 600, a sake jan layin katakon da bakin allura. Wanda ke da hannu zai iya shimfiɗa siraran katako masu faɗin milimita 2.5 zuwa 3 a kai. A gwada shigar da benen ba gam tukuna, domin bangon jirgin ya rankwafo ciki ta sama, bene guda ɗaya sai an ɗan buɗa shi yake shiga. Kafin a rufe benen sama kuma, a kankare fentin ƙasan tayoyin kowace igwa a liƙa ta da kyau. Wadda ta ɓalle bayan an rufe, sai dai a riƙa jin ƙararta a ciki.

Inda kwalin ya gaza da gaske shi ne wajen jigo da igiya, nan ne kuma yanayin Kano ke ƙara tsananta abin. Jigunan ƙasa ɓari biyu ne, cikinsu rami. Na sama sirara ne kamar tsinke. Roba kuwa in igiya na janta dare da rana tana lanƙwasa a hankali, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a ɗaki mai rufin kwano. Kafin a haɗa ɓarin jigo a zura masa ƙarfe ko sandar katako da ta cika ramin, a zuba gam mai haɗi biyu. Jigon goshi, wanda ya miƙe gaba daga goshin jirgin, shi ma haka, don shi ke ɗauke da jan igiyoyin gaba duka. Na can ƙololuwa da sandar da ke ƙarshen goshi gara a sassaƙa sababbi da tsinken gora: a ɗaura a bakin diril, a riƙe samfefa har ya yi tsini daidai da na robar.

Ƙananan zobban da ake ɗaure igiya a daɓe su ma roba ne, suna karyewa a daidai lokacin da hannu ba zai ƙara kaiwa wurin ba. A yi nasu na waya: silin tagulla mai kaurin milimita 0.3 zuwa 0.4 daga cikin kebur, a naɗa a jikin allura, a murɗa ƙafar, a huda daɓe da bakin diril daidai da kaurin ƙafar, a lanƙwasa ƙafar ta ƙasa. Katakan gefe da ake soke turakun ɗaure igiya a cikinsu, a kafa su da waya ta cikin bango, gam kaɗai ba ya riƙe su. Matsefata mai tsini da ƙaramin almakashin yanka waya ana samunsu wurin masu kayan gyaran waya a Farm Centre.

Tsanin igiya da ke zuwa a shirye cikin kwalin, wato igiyoyin da ke riƙe jigo ta gefe tare da matakalansu, shi ne abin da ya fi rage wa jirgin kwarjini. Ya yi ƙyalli, ba ya miƙewa sosai, kuma ba ya zagaya kan jigo yadda na gaskiya ke yi. A ajiye shi a ɗaura da hannu. Igiyoyin gefe na jigon tsakiya zare mai kaurin milimita 0.8 zuwa 0.9 suke so, babbar igiyar da ta taso daga jigon zuwa gaba kusan 1.3, matakala kuwa 0.1 zuwa 0.15, tazarar milimita 4 tsakaninsu. A ja layuka a farin kati, a sa a bayan igiyoyin, a bi layi ana ƙullin naɗi biyu a kan kowace igiya. Kada a ja matakala da ƙarfi, in an ja sai igiyoyin su tsuke a tsakiya, tsanin ya yi ƙugu. Dabarar ita ce a fara ɗaura kowane layi na biyar, sannan a cike tsakani. Ƙullin ya haura dubu, aiki ne irin na mai ɗinkin hula, ba a yi masa gaggawa.

Zaren kwalin yana da gashi, kaurinsa kuma kala kaɗan ne. A Kantin Kwari ana samun zaren foliyesta iri-iri, shi ya fi dacewa da nan. Zaren auduga yana saki da rani, ya ɗame da damina in iska ta yi laima. Wanda ya ɗaure shi tamau a Janairu zai ga jigo ya karkace a Agusta. Kakin zuma yana kwantar da gashin zare, amma yana kama ƙura, don haka shafa ɗaya ta isa. Launi biyu ake bukata: baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu na igiyoyin da ba sa motsi, waɗanda a jirgin gaske kwalta ake shafa musu, da ruwan rama na waɗanda ake ja. A kan ƙulli a ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Sufa gulu na sa zare ya ƙage ya karye, ya kuma bar farin tabo.

Takardun ɗaurin igiya na Revell sun fi na kamfanoni da yawa bayani, amma tsarin da ba ya ba da kunya shi ne daga ƙasa zuwa sama, daga ciki zuwa waje. A fara da igiyoyin da ke danne jigon goshi. Sai na gefe, bibbiyu, dama sannan hagu, ana farawa daga na gaba. In aka gama gefe ɗaya kafin ɗayan, jigo ya kauce ke nan. Igiyoyin gaba a kansu suke hawa. Bayan kowane ɗauri a tsaya a goshin jirgin a rufe ido ɗaya: jigo uku su ɓuya a bayan juna. Igiyoyin da ke juya sandunan gicciye su ne na ƙarshe, don suna tare hanyar hannu.

Ƙyallen iska na farar roba da ke ciki, a ganina, ba su cancanci hawa jirgin ba. Nauyi suke ƙara wa sanduna, su kuma rufe aikin igiyar da aka sha wahala a kai.

Kwalin ba na ɗan koyo ba ne. Wanda bai taɓa ɗaura igiya ba ya fara da ƙaramin jirgi mai jigo ɗaya. Wanda ya taɓa, zai sami jirgin da ya kai a kashe masa lokaci, muddin ya sa kuɗin zare, waya da akwati a lissafi tun farko. Akwatin wajibi ne a garin nan, domin ƙurar hunturu in ta zauna a igiya ba tsumman da zai share ta. Masu aikin gilashi da alminiyom za su haɗa shi da gilashin milimita 4: a auna jirgin bayan an gama, a ƙara santimita 5 ta kowane ɓangare, a toshe kusurwoyi da silikon, a ajiye nesa da tagar da rana ke bugawa.