Allin Master da fatar Elk Master: sun cancanci kuɗinsu a teburan sinuka na Maradi?

Allin Master shi ne ɗan shuɗin dunƙulen nan mai kusurwa huɗu da ake naɗe shi da takarda. Kamfanin Tweeten na Chicago a Amurka ke yin sa, yana zuwa a kwali mai 12 ko babba mai 144. Sunansa alli, amma ba irin na allon makaranta ba ne. Garin yashi ne mai laushi da sinadarin gurza aka matse tare, haɗin da aka yi wa rajista tun 1897. Aikinsa shi ne sa fatar kan sanda ta kama farin ƙwallo a lokacin bugu. Wanda ya shafa allin makaranta ya ɓata sanda ne kawai, don ba ya kamawa, sai ma ya toshe ƙofofin fatar.

Ta fuskar kamu, Master ba shi da abin zargi. Yana hawa fata sosai, kuma idan aka bugi ƙwallo ta ƙasa don ya dawo baya, ko ta gefe, sanda ba ta zamewa. Aibinsa biyu ne. Ba ya daɗewa a kan fata, dole a sake shafawa kafin kowane bugu. Sannan yana da ƙura: yana shuɗanta hannu da wuyan sanda, yana zuba a ƙyallen tebur. Idan ƙurar hunturu ta haɗu da tasa, ƙyalle kan yi nauyi, ƙwallo ya rage gudu, sai an riƙa bi da buroshi kullum. Da damina kuma yana shan danshi, ya riƙa manne wa fata gudaji-gudaji. A ajiye kwalin cikin gwangwani mai murfi, a fito da biyu kacal kowane tebur.

Yawancin asarar alli daga hannun ƴan wasa take. Sai ka ga yaro ya cusa kan sanda cikin ramin yana murzawa har da ƙara. Wannan yana zurfafa ramin, allin ya daina taɓa gefen fata, inda aka fi bukatarsa, ya koma cin farin zoben da ke ƙasan fatar. A karkata sandar, a riƙe allin da sauƙi, a goga daga tsakiya zuwa gefe sau uku ko huɗu ana juya sandar, sannan a duba da ido ko akwai wurin da bai samu ba. Kada a hura da baki, numfashi na ɗauke da danshi. Dunƙulen da raminsa ya yi zurfi, a goge fuskarsa a kan sanfefa ya dawo daidai.

Sai dai duk kyan alli, ba ya zama a fatar da ta yi santsi tana ƙyalli. A nan Elk Master ta shigo, ita ma ta Tweeten ce. Fata ce mai taushi, tana riƙe alli fiye da masu tauri irin su Le Pro, amma tana saurin bajewa, bakinta ya fito ya wuce zobe. Ga sandar gida da kowa ke ɗauka, Le Pro ta fi jure wahala. Ga mai sandar kansa da ke son sarrafa ƙwallo, Elk Master ta fi, muddin zai kula da ita. Wasu kan yanko fata a wurin dukawa su liƙa. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna a duniya, amma ba ta da kaurin da wannan aiki ke so, bugu kaɗan ta lanƙwashe.

Kafin saye a auna kan sanda. Manyan sanduna milimita 12 zuwa 13 ne, sirara na sinuka 9 zuwa 10. A sayi fatar da ta fi kan faɗi da milimita ɗaya. A yanke tsohuwar da reza, a kankare busasshen gam har fuskar zoben ta yi sumul, a shimfiɗa sanfefa a wuri mai leɓur a goge bayan sabuwar fatar. Ɗigo ɗaya na gam mai saurin kamawa ya isa. Mai kauri ya fi, don mai ruwa fata ke shanyewa. A danne minti ɗaya, a bar shi kwatan awa. Daga nan a kife sandar a kan katako, a rage abin da ya fito da reza kaɗan-kaɗan zuwa ƙasa. A siffanta kan da sanfefa daga tsakiya zuwa gefe, kada a bi ta sama, fatar za ta tashi. Lanƙwasar bakin tsabar dala goma ta sefa, mai faɗin milimita 22, ma'auni ne mai kyau ga babbar sanda. A ɗan jiƙa gefen, a murza da tsohuwar fata har ya yi ƙyalli don ya taurara.

Idan kaurin gefen fata ya sauko kusan milimita ɗaya, a canja ta, in ba haka ba zoben ne zai tsage. Sanda kuma kada a bar ta jingine a bango cikin ranar bazara; zafin na sassauta gam, yana kuma lanƙwasa itacen.