Sharhi kan gyaran yoyon murafan jirgina a Yauri

Jirgina na ruwa ne, na fiba, irin mai sitiyari a tsakiya. Na hannu na saye shi daga Fatakwal, kuma haya nake yi da shi tsakanin Yauri, Zamare da Rofiya, wani lokaci har Wara in an samu masu biya. A daɓen wurin matuƙi akwai murafai uku: na ramin batir, na tankin mai, da na ma'ajiyar rigunan kariya da igiyoyi. Su ne suka hana ni sakat daminar bara. Jirgin ba ya shan ruwa ta ƙasa ko kaɗan, amma da an yi ruwan sama, ko yana ɗaure a bakin kwata, sai an kwarfe ramukan nan. Kawunan batir suka yi ta cin tsatsa, rigunan kuma suka kama warin fumfuna. Tun hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, na lura fasinjoji da dama sun fara tambayar rigar kariya kafin su shiga. To ina za ka miƙa wa mutum riga tana wari kamar an tono ta?

Wanda ya riƙe jirgin kafin ni ya zagaye bakin kowane murfi da silikon irin na masu aikin tagar alminiyom, shafi a kan shafi. Abokan sana'a kuwa kwalta suka ce in narka, yadda ake toshe jirgin katako da tsumma. A jirgin katako tana aiki, amma murfin da ake buɗewa kullum ba a liƙe shi da kwalta. A ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijo mai gyaran fiba a nan Yauri, wanda ya ce a kudu ya koyi aikin. Aikinsa ne nake son in yi magana a kai.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai zo da gam a hannu ba. Buta ya nema. Ya sa yaronsa ya goge ramukan suka bushe, ya shimfiɗa busasshen kwali a cikin kowanne, ya rufe, sannan ya riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, yana farawa daga inda ya fi gangare. Bayan kowane zubi sai a buɗe a duba kwalin. Na ce masa, “Malam, ai ga inda yake ɗiga nan, ina gani da idona.” Ya ce, “Alhaji, nan yake fitowa, ba nan yake shiga ba.” Gaskiyarsa. Ruwan da ke ɗiga a kan batir ta wajen hinji yake shiga, ya bi ƙarƙashin firam ya zagayo.

Hanya uku ya gano. Ta farko ma ba gyara take buƙata ba: kowane murfi yana da 'yar magudana da ta kewaye bakinsa, da tiyo mai fitar da ruwan waje. Ƙurar hunturu, ɓawon albasa da ɓamɓaron kifi sun cushe tiyon, ɗaya kuma ya lanƙwashe. In magudanar ta cika, dole ruwa ya haura ciki komai kyawun roba. Ta biyu robar bakin murfin ce, wadda rana ta gasa ta lafe. Ya gwada ta da tsinken takarda: a rufe murfi a kanta, a ja, inda ta zare ba gardama, nan robar ta daina kamawa.

Ta ukun ita ce babba, kuma nan kuɗina ya tafi. Daɓen jirgin fiba irin nawa akwai katako a tsakiyarsa, fiba ta rufe shi sama da ƙasa. Kusoshin da suka riƙe firam da hinji sun huda fibar sun shiga katakon. Ruwa na bin jikin kusa ya jiƙa katako, katako ya ruɓe, kusa ta yi lako-lako, hanya ta ƙara buɗewa. Duk silikon da aka yi ta laftawa a sama kamar shafa man zafi ne a kan karaya. Sai ya kwance firam ɗin gaba ɗaya, ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon da ke kewaye da kowane rami, ya bar shi ya sha rana, ya cika da gam ɗin efoksi, bayan ya daskare ya sake hudawa. Bakin kowane rami ya ɗan faɗaɗa shi, don gam ya sami wurin taruwa ya yi zobe a wuyan kusa. Inda hannu ke iya kaiwa ta ƙasa, ya canza kusoshin zuwa masu noti da washa, na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Kankare tsohon silikon ne ya fi cin lokaci, kuma bai yi ha'inci a nan ba. Ya ce in dai akwai saurarsa a jiki, babu gam ɗin da zai kama, har sabon silikon ɗin kansa. Reza, samfefa, sannan aka goge da sinadarin asiton. Gam ɗin da ya sa na sayo shi ne Sikaflex 291, na kamfanin Sika na ƙasar Suwizalan, wanda aka yi domin jiragen ruwa. Damshin iska ne ke busar da shi, cikin kamar awa ɗaya samansa ya kama, amma cikinsa a hankali yake ƙarasawa, kuma ko ya bushe yana nan da taushin roba, yana bin motsin jirgi. Na tambaye shi game da gam ɗin 3M 5200 da wani ya yaba mini a Legas. Ya ce ƙarfinsa ba magana, sai dai na abin da ba za a sake kwancewa ba ne, yana iya kai kwana 7 kafin ya gama bushewa, firam ɗin murfi kuwa wata rana sai an cire shi. Da ya zo ɗaurewa bai matse kusoshin har ƙarshe ba, don kar gam ɗin ya tsiyaye duka. Washegari ya dawo, yaro ya riƙe kan kusa kar ta juya, shi ya ƙara matse notin ta ƙasa.

Inda ban ji daɗinsa ba shi ne wajen roba. Ta ƙofar mota ya fara kawowa daga wurin masu kayan gyara, ta yi kauri, murfi ya ƙi rufuwa sai an taka shi. Ya so in haƙura wai za ta lafe. Ban yarda ba, don hinjin da aka gama gyarawa ne zai sha wahala, sai da na sa aka aiko mini da mai laushi daidai kaurin tsohuwar daga Legas. Ga kuma rashin cika alkawarin lokaci, har ranar kasuwa ta wuce ni jirgi na kan tudu. Yaronsa ya ɗiɗɗiga gam a daɓe, tabon na nan har yau. Kuma ba ya faɗin kuɗin aiki dunƙule. Kullum da abin da zai ƙaru. Kayan aiki ma kai za ka nemo, don haka ka duba kwanan watan da ke jikin kwalbar gam ɗin, irin wannan yana lalacewa in ya daɗe a ajiye, kuma tsadarsa ta ninka ta silikon sau da yawa.

Jirgin ya ci markar watan Agusta a waje ba rufi. Ramin batir da na riguna ƙaƙas suke, ban sake kwarfe su ba. Na tankin mai yana ɗan damshi in ruwa ya zo da iska, amma tun farko ya gaya mini murfin kansa ya banƙare saboda buhunan da ake ɗora masa, sai dai a yi sabo. Magudanan kuwa har yanzu sai yarona ya zura waya ya wanke su duk mako, in ba haka ba mu koma gidan jiya.

Mai jirgin fiba da ke fama da irin wannan, zan tura shi wurinsa, amma ya kai aikin da rani, wajen watan Maris ko Afrilu, lokacin da katakon ciki zai bushe da kyau, ya kuma riƙe robarsa da gam ɗinsa a hannu kafin a kwance kusa ko ɗaya. Ni ma bayan damina zan koma ya zuba mini sabon murfin tanki, sai dai wannan karon za mu yanke kuɗi a gaban shaida kafin ya taɓa jirgin.